Dalar Fir'auna da Dalar Amurka: Baƙin Masar Bayan Korona



A Hausa kalmar dala ma'ana biyu gare ta. Akwai dala irin wadda ake ginawa da buhunan gyaɗa a Kano a zamanin kakanninmu, kuma da sunanta muke kiran manyan gine-ginen nan uku na Fir'aunoni da ke Giza. Akwai kuma dala kuɗin Amurka. A Masar igiya ɗaya ce ta ɗaure su: baƙo ya zo kallon ta farko, ya ajiye ta biyu ya tafi. Yawon buɗe ido, wanda Larabawa ke kira siyaha, yana cikin manyan ƙofofin da kuɗin waje ke shigowa ƙasar nan, tare da mashigin Suwes da abin da Misirawa mazauna ƙasashen waje ke aikowa gida. Duk ranar da ƙofa ɗaya ta toshe, fam yakan ji jiki, idan kuwa fam ya ji jiki uwayenmu ne ke fara gani a farashin shinkafa da mai a kasuwar Ardul Liwa. Shi ya sa na ga batun ya shafe mu, ko da yake yawancinmu ko ruwan gora ba mu taɓa sayar wa Bature ba.

Bari mu fara da lissafi. A 2010 baƙi miliyan 14.7 suka shigo Masar. Juyin juya halin 2011 ya kore su, faɗuwar jirgin Rasha a Sina'i a ƙarshen Oktoban 2015 ta ƙara korar su, har a 2016 suka koma miliyan 5 da 'yan kai. Da ƙyar aka farfaɗo, a 2019 aka samu kimanin miliyan 13, suka kawo wajen dala biliyan 13. Sai ga korona.

Abin da mutane da yawa suka manta shi ne, ta hanyar yawon buɗe ido cutar ta fara nuna kanta sosai a ƙasar nan. A farkon Maris na 2020 aka gano masu ita da dama a wani jirgin ruwa na baƙi da ke zirga-zirga a kogin Nilu tsakanin Aswan da Luksor, kuma mutum na farko da ta kashe a Masar Bajamushe ne ɗan yawon buɗe ido, a Gardaƙa. A tsakiyar watan aka rufe makarantu, ranar 19 aka dakatar da jiragen sama, bayan kwana biyu aka rufe masallatai. Sai 1 ga Yuli aka sake buɗe filayen jirgi. A shekarar gaba ɗaya baƙi ba su kai miliyan 4 ba, kuɗin da suka kawo kuma ya tsaya a wajen dala biliyan 4. Wato kashi biyu cikin uku ya tafi, har da ɗoriya.

Lokacin ban wuce shekara goma ba, amma abin da ya faru da unguwarmu kowa ya gani. Yayyenmu ɗaliban Azhar da ke yi wa marasa lafiya tafinta suka zauna a gida. Matan da ke dafa wa baƙi tuwo da miyar kuka suka kife tukwane. Masu ɗaure kaya zuwa Kano da Yamai suka rasa wanda zai ɗauka. A Nazlatus Samman, ƙauyen da ke gindin dalolin, abin ya fi muni, domin su da dabbobi suke nema. Otal idan babu baƙi sai a kashe fitila a kulle ƙofa, doki kuwa kullum sai ya ci. Wasu suka sayar da dabbobinsu a wulaƙance, wasu dawakin suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, sai da ƙungiyoyin agaji suka riƙa raba musu abincin dabbobi.

Daga baya baƙi sun dawo. Ranar 3 ga Afrilun 2021 aka yi gagarumin bikin nan na ɗauke gawarwakin sarakuna 22 daga gidan tarihi na Tahrir zuwa sabon gidansu a Fusɗaɗ, duniya duka tana kallo a talabijin, kamar ana cewa ga mu nan, ba mu mutu ba. A 2023 baƙi suka kai miliyan 14.9, a 2024 miliyan 15.7, a Nuwamban 2025 kuma aka buɗe babban gidan tarihin nan da ke kusa da dalolin. Gwamnati ta ce burinta miliyan 30 a shekara.

To a nan tambayata take. Idan mutum miliyan 30 suka zo, me za su taka, me za su sha, kuma kuɗinsu aljihun wa zai shiga? Wannan shi ne abin da malamanmu na Larabci ke kira siyaha mustadama, mu kuma mu ce yawon buɗe ido mai ɗorewa: a karɓi baƙo yau ta yadda abin da ya zo gani ba zai lalace ba, masu masaukinsa ba za su cutu ba, jikansa ma ya zo ya tarar.

Numfashi ma yana ɓarna

Misalin da ya fi ba ni mamaki a Luksor yake. Kaburburan sarakunan da ke can ɗakuna ne da aka sassaƙa cikin dutse, aka yi wa bangonsu zane da fenti, aka toshe. Sun yi shekara fiye da dubu uku a bushe cikin duhu, shi ya sa launinsu bai kwanta ba. Da aka buɗe su, kowane mai shiga yana shiga da numfashinsa da guminsa da ƙurar takalminsa. Laimar da ke fita daga jikin mutane tana shiga bango ta narkar da gishirin da ke cikin dutsen. Idan wurin ya sake bushewa gishirin ya daskare, ya kumbura, ya turo fentin waje har ya ɓantare. Ba wanda ya taɓa komai, ba wanda ya yi niyyar ɓarna, tsayuwa kawai aka yi ana kallo.

Kabarin sarauniya Nafartari, wanda ake cewa ya fi kowane kyau, sai da masana suka yi shekara shida suna gyaransa, daga 1986 zuwa 1992. Da aka buɗe shi a 1995 aka ce mutum 150 kawai a rana, kowa kuma minti goma ya fito. Na Tutankhamun kuwa, wanda Howard Carter ya gano a 1922, wata dabara aka yi masa: aka ɗauki hoton bangonsa da na'ura, kowane tudu da kowace tsaga, aka ƙera kwafinsa sak, aka buɗe a 2014 kusa da tsohon gidan Carter, don a rage wa na asali nauyi. Na asalin ma an sa masa injin tace iska.

Matsalar ita ce wanda ya biya kuɗin jirgi daga Jamus ko Sin ba kwafi ya zo gani ba. Ni ma da ni ne, na asali zan so. Amma idan kowa ya ce sai na asali, wata rana kwafin ne kaɗai zai rage.

A Bahar Maliya haka labarin yake, sai dai a ƙarƙashin ruwa. Yawancin baƙin Masar ba don Fir'auna suke zuwa ba, don rana da teku suke zuwa, su sauka Gardaƙa ko Sharmus Shaikh ko Marsa Alam. Abin da ke jan su shi ne murjani. Da ido kamar dutse mai launi, amma halitta ce mai rai, kuma wani irinsa a shekara bai fi ya ƙaru da santimita ɗaya ba. Jirgi guda ya jefa ƙarfen da yake tsayawa da shi, ya farfasa abin da ya yi shekara ɗari yana girma. Wata ƙungiya mai suna HEPCA, da masu sana'ar nutso suka kafa a Gardaƙa a 1992, ta kafa wuraren ɗaure jirage fiye da dubu a cikin tekun, don kada a riƙa jefa ƙarfen. A Yunin 2019 jihar Bahar Maliya ta hana leda da cokulan roba da ake yarwa bayan amfani ɗaya.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Samadai, wani wuri a teku kusa da Marsa Alam mai siffar kofaton doki. Kifayen dolfin suna farauta da dare, da rana su shigo nan su huta. Da labari ya bazu sai jirage suka yi musu caa, ɗaruruwan mutane suna faɗawa ruwa suna bin su, ba barci ba hutu. Hukuma ta rufe wurin, sannan a 2004 ta sake buɗe shi da doka. Aka raba shi gida uku: can ciki na dolfin ne su kaɗai, tsakiya na masu iyo, waje na jirage. Aka ƙayyade mutum kamar 200 a rana, aka sa lokacin shiga da na fita, aka sa kuɗin shiga. Dolfin suka zauna, masu jirage ba su rasa abinci ba. Da an bar kowa ya ci gaba da yadda ya ga dama, da kifayen sun ƙaura, kasuwar ta bi su.

Maganar ruwan sha gajeriya ce amma mai nauyi. Masana sun ce ƙasar da rabon kowane mutum a shekara bai kai kubik mita 1,000 ba tana cikin ƙarancin ruwa, rabon Bamisire kuwa bai kai 600 ba. Kubik mita ɗaya jarka 50 ce ta lita 20. Mu da sai an kunna injin ruwa kafin ya hau bene na biyar, mun san abin da ake nufi. Otal-otal na bakin teku kuwa cikin hamada suke, da wuraren iyo da korayen ciyayi, kuma yawanci ruwan teku suke tacewa, aikin da ke shan lantarki, ragowar gishirin kuma a mayar cikin tekun da murjanin ke ciki.

Masu raƙuma da motocin lantarki

A Afrilun 2025 aka sauya tsarin shiga dalolin Giza. Aka mayar da babbar ƙofa ta wajen hanyar Fayyum, aka ce motoci su tsaya a waje, manyan motocin bas su riƙa zagawa da baƙi suna sauke su tasha tasha, da nufin a koma masu aiki da lantarki. Masu dawaki da raƙuma aka ware musu wuri guda. A ranar farko suka tare hanya don nuna fushinsu.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Gaskiya ne hayaƙin mota da cunkoso ba su dace da wurin da ya shekara 4,500 ba. Gaskiya ne kuma wasu masu raƙuman suna takura wa baƙi, a yi ciniki kan kuɗin hawa, sai an hau a ce sauka ma da kuɗinta. Dokin da ke jan keke a rana tsaka da gyambo a baya shi ma yana da haƙƙi, addininmu bai bar wannan ba. Amma mutanen nan sana'ar iyaye da kakanni suke yi, su ne kuma suka sha yunwar 2020 ba albashi ba fansho. Idan an tsabtace wuri an kori hayaƙi, aka haɗa da talakan da ke ci a wurin, ni dai ban ga abin da ya ɗore ba sai ribar masu babban jari. An taɓa yin irin haka a Luksor, inda daga 2006 aka tashi mutanen ƙauyen Ƙurna da ke zaune a kan kaburbura aka mayar da su sababbin gidaje nesa da hanyar baƙi. Kaburbura sun huta, amma wanda ke sayar wa baƙo shayi a ƙofar gidansa ya rasa mai saye.

Ko a nan kusa da mu akwai alamar wannan tunani. Duk wanda ya bi hanyar Da'iri kafin buɗe babban gidan tarihin ya ga yadda aka shafe fuskar gine-ginen jan bulo da fenti, don idon mai wucewa. Ya yi kyau, ban musa ba. Sai dai baƙon yana wucewa ta samanmu a mota mai sanyi, ya kwana a otal ɗin da ya biya kuɗinsa tun daga ƙasarsa, ci da sha duka a ciki, kuma wani kaso na kuɗin bai ma taɓa shigowa Masar ba, yana can wurin kamfanin jirgi da kamfanin da ya shirya tafiyar.

Akwai wata hanya dabam, kuma Larabawan ƙauye na Sina'i ne suka nuna ta. A 2015 ƙabilu uku suka haɗu suka buɗe hanyar tafiyar ƙasa mai tsawon kilomita 220 daga gaɓar tekun Aƙaba zuwa dutsen Katrin, a 2018 ta zama kilomita 550 da ƙabilu takwas. A wancan lokacin baƙo yana tafiya da ƙafa, ɗan ƙabilar da ake cikin ƙasarta shi ne ja-gora, raƙuminsa ke ɗaukar kaya, shi ke gasa gurasa a cikin toka. Idan an kai iyaka ya miƙa baƙon ga ƙabila ta gaba. Ba a gina otal ba, kuɗin kuma hannu da hannu ne. Irin wannan ba zai ɗauki mutum miliyan 30 ba, ko kusa. Abin da ya koya mini shi ne ƙirga kawunan baƙi ba ya faɗin komai sai an san kwana nawa suka yi da wanda ya karɓi kuɗinsu. Baƙo ɗaya da ya kwana goma sha biyu yana ci daga hannun mutanen gari zai iya fin guda biyar da suka yi kwana uku a bayan katanga amfani, kuma kujera ɗaya ya cika a jirgin sama.

Namu baƙin

Iyayenmu za su iya cewa, duk wannan maganar Turawa ce. To mu ma muna da baƙi, kuma tun kafin Turawa. Mansa Musa ya sauka Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta hajji, ya kashe zinariya har farashinta ya karye. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makarantar Malikiyya a Fusɗaɗ inda matafiyansu ke sauka, Azhar kuma tana da ruwaƙin Barebari. Maƙwabciyarmu Bulaƙud Dakrur, masu tarihi da dama sun ce daga Takrur sunanta ya fito, wato sunan da Larabawa ke kiran mutanen ƙasashenmu da shi. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha daga wannan birni.

Yau jirgi ke kawo su daga Kano da Abuja da Legas: mai neman magani, mai sarin abaya da takalma a Ataba da Muski, mai kawo ɗa karatu. Masu ƙididdiga duk a cikin baƙin Masar suke sa su. Abin da ke riƙe da wannan kasuwa tamu kuwa ba murjani ba ne, amana ce, amma ita ma kamar murjanin take wajen jinkirin girma da saurin karyewa. Mara lafiya yana sauka bai san Larabci ba, bai san fam nawa ke dala ba, ya miƙa wa tafinta fasfo da kuɗi da ransa. Yawancin yayyenmu suna riƙe wannan amana, wasu har su kwana a asibiti a kan kujera. Amma kowa a unguwar nan ya taɓa jin labarin wanda aka ninka wa kuɗin aiki aka raba rarar da dillali, ko aka kai shi wurin likitan da ya fi ba da la'ada maimakon wanda ya fi sanin ciwon. Mutumin nan idan ya koma gida ba shiru zai yi ba. Zai faɗa a majalisa, a faɗa a gidan suna, baɗi ƙaninsa ya nufi Indiya. Wanda ya ci rarar ya ci sau ɗaya, ya toshe wa mutum goma.

Shawarata ga shugabannin al'ummarmu, da ladabi, ita ce a yanka wa aikin tafinta lada sananne, na yini da na mako, a rubuta a sanar, baƙo ya san abin da zai biya tun kafin ya taso, kuma a riƙa ba shi rasiɗin asibiti a hannunsa ana karanta masa da Hausa. Tafinta ya ci halaliyarsa a fili, ba sai ya ɓoye ta cikin kuɗin magani ba.

Abu na biyu, baƙonmu yakan yi wata guda a Alƙahira bai ga komai ba sai asibiti da kasuwa. Alhali littattafan da ya karanta a zaure, masu su a nan suke kwance. Ibnul Ƙasim da Ashhabu, manyan almajiran Imam Malik, a maƙabartar Ƙarafa suke. Ƙubbar Imam Shafi'i an gama gyaranta an buɗe a 2021. Kabarin Suyuɗi yana kusa da Sayyida A'isha. Tun daga 2020 kuma ana rushe wasu sassan tsofaffin maƙabartun nan don a fitar da tituna da gadoji, masana tarihi suna ta kuka, saboda haka wanda zai gani gara ya gani da wuri. Wurin da ba mai zuwa, ba mai tsaya masa. Mu da muka iya Hausa da Larabci da Turanci, me zai hana ajinmu ya zana taswirar ziyara da Hausa, kowane wuri da ɗan tarihinsa a layi biyar, a ajiye a gidajen da baƙi ke sauka?

Sai dai kafin mu nuna wa wani, sai mu mun gani. Na tambayi 'yan ajinmu, da yawa a nan aka haife su amma ba su taɓa shiga harabar dalolin ba. Dalili ɗaya shi ne tikiti: na baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa, mu kuma bisa takardunmu a layin baƙi muke, ko da a Giza aka yanke mana cibiya. Katin ɗalibi yakan rage rabi, don haka kada a bar shi a gida. Wasu wuraren kuwa ko sisi ba a biya. Tun 2024 layi na uku na jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso tashar Jami'atud Duwal, nan bakin unguwarmu, kuma yana kai mutum Babus Sha'ariyya ba tare da ya sauya jirgi ba. Daga can tafiyar 'yan mintuna ce zuwa Babul Futuh, a shiga titin Mu'izz, a bi shi da ƙafa a ratsa masallacin Hakim da ginin Ƙalawun, a ɓullo Azhar kafin azahar.